Kwana biyu a wurin koyon hawa matakala da babur a bayan garin Legas

A watan da ya gabata na biya kuɗi na shiga wani horo na kwana biyu da ake bayarwa a bayan garin Legas, a kan hanyar da ta tashi daga Ikorodu ta nufi Epe, inda ake koya wa masu doguwar mashin irin wadda ke tafiya a kwalta da jeji yadda za su sarrafa ta a wuraren da hanya ta ƙare. Darussan sun haɗa da tafiya cikin rairayi, da tsallake gungumen itace, da juyawa a matsattsen wuri, amma abin da ya kai ni shi ne darasin hawa matakala, kuma a kansa zan tsaya a wannan sharhi.

Wanda ya ji cewa magidanci mai iyali ya biya kuɗi don a koya masa hawa matakala da babur zai iya ɗauka ganganci ne irin na samari, don haka ya kamata in faɗi dalilina. Na shekara tara ina acaɓa a Legas a kan Bajaj Boxer. Lokacin da gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta haramta sana'ar daga ranar 1 ga Yuni, 2022 a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island, na ci gaba da lallaɓawa a yankinmu. Amma da aka faɗaɗa dokar a watan Satumba na wannan shekarar ta haɗa da Kosofe, inda kasuwar Mile 12 take, sai na sayar da babur ɗin na koma kasuwancin albasa tare da yayana. Daga baya, saboda zirga-zirgar karɓar bashi a lungunan Ikorodu da damina ke mayar da su kamar gonar shinkafa, na sayi Honda CRF250L na hannu. Gidan da nake haya a bayan kasuwa an ɗaga shi sama saboda ambaliya, kuma akwai matakai huɗu kafin a shiga zaure. Barin babur irin wannan a waje da dare kamar ajiye nama ne a ƙofar kura, don haka kullum sai mun jingina katako, ni da yara biyu mu yi ta turawa. Ranar da katakon ya zame, babur ɗin ya danne ƙafar ɗan maƙwabcina, ranar na yanke shawarar neman wanda ya san aikin.

Wurin horon fili ne na jar ƙasa, a gefensa akwai wani kango da aka fara ginawa aka bari. Matakala uku suke amfani da su: wata mai matakai uku gajeru da suka zuba da siminti don masu farawa, wata mai matakai bakwai da ke hawa dandamalin kangon, sai ta ƙarshe mai goma sha biyu wadda ke da shimfiɗaɗɗen wurin hutawa a tsakiyarta. Malamin Bayarabe ne mai matsakaicin shekaru, ba ya da yawan magana, kuma da Turanci da buroka yake koyarwa. Mataimakinsa wani saurayi ne Bahaushe haifaffen Agege, shi ne yake fassara mana abin da ya shige mana duhu, mu uku da muka fi jin Hausa a cikin ɗalibai takwas.

Abin da ya fara burge ni shi ne malamin bai bar kowa ya tayar da inji ba sai da ya ɗauko tef ɗin awo ya durƙusa a gindin matakalar. Ya auna tsayin mataki ɗaya ya samu santimita 17, ya auna faɗinsa ya samu 30, sannan ya tura babur ɗina ya haɗa tayar gaba da bakin matakin farko. Tayar gaban CRF250L inci 21 ce, ta baya inci 18, kuma idan an haɗa da robar, tsayin tayar gaban yana kusan santimita 70. Wannan yana nufin tsayin tsakiyar tayar daga ƙasa ya kai kusan ninki biyu na tsayin matakin, saboda haka idan ta bugi matakin sai ta mirgina ta hau kansa maimakon ta coge. Ya sa aka kawo Boxer ɗin mai gadi, mai taya inci 17, aka jera su, kowa ya ga yadda inda bakin matakin yake cin ƙaramar tayar ya fi matsowa kusa da tsakiyarta. Daga nan ya nuna mana tazarar da ke tsakanin ƙasa da cikin injin, wadda a babur ɗina milimita 255 ce, ya ce wannan tazarar ita ce ke hana cikin babur ya kwanta a kan bakin matakin ƙarshe lokacin da tayar gaba ta riga ta kai sama, ta baya kuwa tana ƙasa. Duk wanda babur ɗinsa ba ya da farantin ƙarfe da ke kare cikin inji, ya hana shi hawa babbar matakala. Na shekara tara a kan babur ban taɓa tunanin waɗannan abubuwa ba, alhali cikin minti goma da tef ɗin awo ya fayyace su.

Sai maganar iskar taya. Kamfanin ya rubuta a sa 22 a ma'aunin iska gaba da baya, malamin ya sa muka rage zuwa 18 domin robar ta ɗan lotsa ta kama bakin matakin. Ya ja kunnenmu cewa kada kowa ya yi ƙasa da haka, domin waɗannan babura da tiyub suke aiki, kuma idan iska ta yi ƙaranci, kaifin matakin yana matse tiyub ɗin da ƙarfen wili ya huda shi, wani lokaci ma ya lanƙwasa wilin. Wani ɗalibi da ya ji an ce ƙarancin iska yana ƙara kamun taya ya faki ido ya ƙara sassauta tasa. A hawansa na biyu muka ji tayar baya ta yi tsaki ta kwanta. Da mai faci ya ciro tiyub ɗin, sai ga huji biyu a jere kamar saran maciji, malamin kuwa ya ɗaga shi sama ya zagaya da shi gaban kowa bai ce uffan ba.

Rabin ranar farko ba mu taɓa matakala ba, kuma da farko hakan ya ɓata mini rai, don ina ganin ana cinye mini kuɗi a banza. An sa mu muna zagaya fili a tsaye a kan ƙarafan ɗora ƙafa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna riƙe da tanki, gwiwar hannu a buɗe, a giya ta ɗaya, da gudun da bai wuce tafiyar mutum ba. Yatsu biyu a kan kuloci, ɗaya a kan birkin gaba, kuma ba a yarda ƙafa ta taɓa ƙasa ba. A nan ne shekaruna na acaɓa suka zame mini cikas. Ɗan acaɓa a zaune yake rayuwa, kuma da zarar abu ya ɗan rikice sai ya sauke ƙafafu biyu yana jan su a ƙasa, domin haka ake ratsa cunkoson Ojota. Duk lokacin da babur ya ɗan karkata sai in ga na koma kan kujera ban sani ba. Mataimakin ya yi ta ƙwala mini kira daga nesa:

"Alhaji, tashi tsaye! Ba fasinja ka ɗauko ba!"

Da na gaji na tsaya na ce masa, "Ɗan samari, tun kana firamare nake kan babur." Ya yi dariya cikin ladabi ya ce, "Haka ne Baba, shi ya sa naka gyaran ya fi na kowa wuya. Waɗancan koya musu ake yi, kai kuwa sai an fara kankare na da." Ban ji daɗin maganar ba a lokacin, amma gaskiya ya faɗa. Dalilin tsayuwar shi ne ƙafafu su zama ƙarin shokozoba: idan mutum yana zaune, kowane mataki da tayar baya ta buga sai kujerar ta cilla shi sama, hannunsa ya fizgi totur ba da niyya ba, daga nan kuma komai ya lalace. Idan yana tsaye, babur ɗin ne zai yi ta tsalle a ƙarƙashinsa, kansa da kafaɗunsa kuwa suna tafiya a miƙe.

Bayan la'asar muka koma kan ƙaramar matakala, kuma tsarin da malamin ya koyar bai da yawa, sai dai kowane ɓangare yana da dalilinsa. Ana tunkarar matakala kai tsaye, ba a karkace ba, domin idan taya ta bugi bakin mataki a kaikaice sai ta zame ta bi gefensa. Ana zaɓar giya tun daga nesa, ta ɗaya ga gajeriyar matakala ko ta biyu idan akwai filin ɗaukar gudu, kuma ba a canza ta a tsakiya. Saura kamar taku ɗaya tayar gaba ta isa matakin farko, sai mahayi ya danna nauyinsa ƙasa ta ƙafafu don shokozoba ta matse, yayin da take dawowa sama kuma ya ɗan ƙara totur, abin da ke sa gaban babur ya yi sauƙi ya hau matakin ba tare da ya yi karo da shi ba. Ba ɗaga taya sama ake nufi ba irin na masu wasa a titi. Rage mata nauyi kawai ake yi. Da zarar gaba ta hau, sai ƙirji ya matso kusa da kan babur don kada ya miƙe tsaye ya kifo da mutum ta baya, amma ba a matsowa har tayar baya ta rasa nauyin da take kama ƙasa da shi. Daga nan totur ya tsaya a wuri ɗaya, ƙarar inji ba ta hawa ba ta sauka, duk wani gyaran ƙarfi kuma da kuloci ake yin sa. Malamin ya fi nanata wannan fiye da komai: ya ce totur yana jinkirin amsawa kuma idan ya amsa da fizga yake yi, kuloci kuwa nan take yake ba ka ko ya hana ka. Ido kuma a kan saman matakala yake, ba a kan matakin da ke gaban taya ba.

Wannan na ƙarshe ne ya kayar da ni a safiyar rana ta biyu, a kan matakala mai bakwai. Na taho daidai, na hau na ɗaya da na biyu, sai idona ya sauka kan wani wuri da simintin ya ɓantare a bakin mataki na huɗu. Hannuna ya saki totur da kansa, injin ya yi tari ya mutu, ni kuwa na damƙe kuloci da birkin gaba kamar yadda na saba yi a titi. Abin mamaki, babur ɗin bai tsaya ba. Tayar gaba ta kulle amma tana ja da baya a kan siminti tana ƙara, na sauke ƙafar hagu ina neman ƙasa na samu iska, domin matakin da nake nema yana can ƙasa da inda na zata. Muka kwanta tare ta gefen hagu, babur mai nauyin kilo 140 da wani abu a kan cinyata. Takalmi mai tsawo da abin kare gwiwa ne suka cece ni. Hasarar da na yi ita ce hannun kuloci da ya lanƙwashe da kuma madubi ɗaya, wanda dama an ce mu cire na ƙi.

Yadda malamin ya ɗauki wannan faɗuwa shi ne ya sa nake ganin horon ya cancanci kuɗinsa. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya tara kowa, ya hau da nasa babur zuwa daidai inda na faɗi, ya kashe injin da gangan, sannan ya nuna cewa idan babur yana fuskantar sama, kusan duk nauyinsa yana kan tayar baya ne, saboda haka birkin gaba ba ya da abin da zai riƙe. Abin da ke tsayar da shi shi ne birkin baya, ko kuma a bar shi cikin giya a saki kuloci, injin da ya mutu ya zama shi ne birkin. Ya nuna yadda ake jingina babur ɗin gefe ɗaya a dasa ƙafa a kan matakin da ke sama, ba na ƙasa ba, sannan a riƙa dawowa da baya mataki bayan mataki ta hanyar ɗan jan kuloci da sakinsa. Ya sa kowannenmu ya kashe inji a tsakiyar matakala sau uku ya sauko da kansa, kafin ya bari wani ya sake gwada kaiwa sama. Bayan na san yadda zan tsira idan abin ya ƙi, sai tsoron ya ragu, ido ya daina sauka ƙasa, kuma a gwaji na gaba na ji matakan suna wucewa a ƙarƙashina da wani ɗan bugu mai tsari kamar ana daka a turmi, har na tsinci kaina a kan dandamali.

Kaiwa sama ma yana da nasa haɗari, domin wanda ya bar totur a buɗe bayan tayar baya ta haye matakin ƙarshe zai iya cillawa ya bugi bango, musamman a wuri irin zauren gidana da bai wuce tsawon babur biyu ba. Ana jan kuloci ne daidai lokacin da bayan ya hau, a taka birkin baya. A matakala mai goma sha biyu wannan ya fi wuya, saboda wurin hutawar da ke tsakiya bai fi tazarar tayoyin babur ɗin da yawa ba, wadda take milimita 1,445, don haka kafin tayar baya ta gama zama, ta gaba ta riga ta isa sabon mataki, sai mutum ya sake danna shokozoba cikin ƙiftawar ido. Mutum uku ne kawai suka haye ta a cikinmu, ban kuwa cikinsu, kuma malamin bai matsa wa kowa ba. Saukowa an koyar da shi cikin rabin sa'a: nauyi a baya, giya ta ɗaya, ɗan birkin baya, kuma kada a damƙi na gaba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. An ce mana ƙarfe tara za a fara, amma a duka kwanakin biyu sai kusan sha ɗaya aka soma, lokacin da rana ta riga ta yi zafi, ga shi babu rumfa sai inuwar kangon, ruwan sha kuma kowa ya nemi nasa. Ɗalibai takwas ga malami ɗaya sun yi yawa a darasin da dole mutum ɗaya ne zai hau a lokaci guda; na lissafa hawana a ranar da aka fi hawa bai wuce goma sha biyar ba, sauran lokacin a tsaye nake cikin kayan kariya ina zufa. Kayan aron da suke bayarwa sun tsufa, har wata hular kwano da aka miƙa wa wani ɗalibi maɗaurinta a tsinke yake, sai da ya yi magana aka canza masa. Ba su ware lokacin sallar azahar ba sai da muka nema, ko da yake da muka nema ba su yi gardama ba. Akwatin agajin gaggawarsu kuwa auduga ce da ruwan wanke ciwo kawai, ga wuri mai nisa da asibiti, alhali aikin da ake yi aiki ne da ake karya ƙafa a cikinsa.

Babban gibin da na gani shi ne ba su koyar da komai a kan jiƙaƙƙiyar matakala ba. Duk matakalansu na busasshen siminti ne mai kaushi, wanda taya ke kamawa da daɗi. Legas kuwa gari ne da ruwan sama ke sauka tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba, matakan gidaje da yawa tayil aka shimfiɗa musu, waɗansu kuma gansakuka ta yi musu kore. Da na tambaya, amsar malamin ita ce kada in hau idan ta jiƙe. Amsa ce ta gaskiya, amma da sun watsa bokitin ruwa a kan ƙaramar matakalar nan sun bar mu mun ji yadda tayar baya take juyawa a banza, da darasin ya fi zama a jiki. Haka kuma babu wanda ya gaya mana cewa kwana biyu ana wasa da rabin kuloci yana gajiyar da farantansa da man da suke iyo a ciki. Bakanikena ne ya ga man ya yi baƙi ya sa na juye shi.

Wani abu da zan yaba wa malamin shi ne tsayuwarsa a kan inda ya halatta a yi amfani da wannan ilimi. Wani saurayi a cikinmu ya ce yanzu sai gadar masu tafiya a ƙafa ta Ketu, ya huta da dogon zagaye. Malamin ya ɓata rai nan take, ya ce gadojin Ketu da Ojota da Oshodi na mata masu tallan kaya a ka ne da 'yan makaranta, kuma duk wanda ya hau su da babur ya jawo wa kansa kamu, a garin da kowa ya ga yadda hukuma ke murƙushe baburan da ta kama. Ya ce da ya san da wannan niyya saurayin ya zo, da bai karɓi kuɗinsa ba.

Kuɗin horon ya kusa kai farashin sabuwar tayar baya mai manyan haƙora, ban da mai da abinci da hannun kulocin da na saya. Ga wanda yake da babur irin wannan kuma yake da dalili na gaske, ina ganin ya dace, da sharaɗin ya tafi da nasa kayan kariya, ya tambayi adadin ɗalibai kafin ya biya, kuma ya cire madubai idan an ce ya cire. Mai Boxer ko TVS kuwa kada ya ɓata kuɗinsa a wannan darasi, domin ƙaramar taya da gajeriyar shokozoba ba za su ba shi abin da ake nema ba, ko da hannunsa ya ƙware.

Yanzu mako uku ke nan ina shigar da babur ɗin zaure ni kaɗai, a giya ta ɗaya, bayan na tabbatar babu yaro a bakin ƙofa. A mako na biyu mai gidan, wata dattijuwa Bayarabiya, ta kira ni ta nuna mini bakin mataki na farko da ya fara ɓantarewa, ta ce, "Alhaji, wannan aikin mashin ɗinka ne." Ban musa ba, na kira magini ya gyara shi ya kafa masa ƙarfen kwana a baki, na biya daga aljihuna. Katakon nan kuma ban jefar da shi ba, yana jingine a bayan ƙofa, kuma daren Talatar da ta wuce da aka yi ruwa, shi muka shimfiɗa muka tura da hannu.